Maigida ya ce "nan ba Faransa ba ce": shin ina da haƙƙin er sup, wato kuɗin ƙarin awa?

Laminu Mai Burodi: Salamu alaikum 'yan gida. Masu sanin doka ku taimake ni don Allah. Shekarata uku a wani gidan burodi nan cikin Maradi, ba zan kama suna ba. Ƙarfe 9 na dare muke shiga, mu kwaɓa, mu yanka, mu jera, mu gasa. Kafin kiran assalatu zubin farko ya fito, masu shayi da 'yan kabu-kabu sun cika bakin ƙofa. Ba na barin wurin sai 8 na safe, bayan an share an ƙirga buhunan fulawa. Kwana shida a mako. Albashi jikka 45, ko azumi ne aiki ya ninka, ko ba azumi ba. Jiya na daure na ce, "Alhaji, wai mu ba a ba mu er sup ne?" Ya yi dariya ya ce, "Laminu, nan ba Faransa ba ce." To shi ne nake tambaya, abin nan na Turawa ne kawai?

Rabe Zariya: Wa alaikumus salam. Kai ma dai Laminu, ka samu jikka 45 duk wata kana neman rigima? Akwai masu digiri zaune a fada suna dafa shayi.

Baba Harisu: Rabe, bar yaro ya yi tambayarsa. Laminu ɗana, maigidanka ya yi kuskure, ko kuma ya sani ya take. Dokar aiki ta ƙasarmu, wadda aka sa wa hannu 25 ga Satumba 2012, lamba 2012-45, ta tsayar da awa 40 a mako. Abin da ya hau kan haka awa ce ta ƙari, kuma kuɗinta ya fi na awar yau da kullum. Ta dare da ta Lahadi da ta ranakun hutu sun fi tsada. Kuma awa 40 ɗin nan ba jiya aka kawo ta ba. Tun Disamba 1952, Faransa na mulkinmu, aka sa ta cikin dokar aikin ƙasashen da ke ƙarƙashinta, bayan ma'aikatan Afirka ta Yamma sun yi yajin gama-gari a Nuwamban shekarar. Irin su Djibo Bakary daga sandika suka taso. Kakanninku ne suka ƙwato ta, ba kyauta aka yi musu ba.

Baba Harisu: Bari in yi maka lissafi. Daga 9 zuwa 8 awa 11 ke nan. Sau shida, 66. Cire 40, saura 26. A lissafin albashi ana ɗaukar wata a matsayin awa 173 da 'yan kai. Raba jikka 45 da wannan, awarka ɗaya ta kama wajen dala 52. Awa 26 a mako, ko ba a ɗora maka ko dala ɗaya ta ƙari ba, ta tasam ma jikka 29 a wata. Ka ga abin da kake bari a bakin tanda.

Laminu Mai Burodi: Innalillahi. Baba, jikka 29? Kuɗin hayar ɗakina fa jikka 10 ne.

Alhaji Sabi'u Babbar Kasuwa: Ina karanta ku tun ɗazu. Malam Harisu, da girmanka, amma kana zuga yaro ne ya rasa abincinsa. Ni ina da yara bakwai tsakanin shago da mangaza. Ban taɓa ƙirga musu awa ba, su ma ba su taɓa ƙirga mini kwanon tuwo ba. Wanda matarsa ta haihu, ragon suna daga aljihuna. Wanda ya kwanta likita, ni ke sayen magani. Kayan salla, har na 'ya'yansu. Wanda ya yi haƙuri ya shekara bakwai, takwas, in sallame shi da jari ya buɗe nasa. Uku na sallama haka, yau ɗaya ya fi ni kaya. Wace doka ce ta rubuta ragon suna? In ba ka da gashin wance, kada ka yi kitson wance.

Nana Aisha (Lille): Tunda an ambaci Faransa bari in sa baki, shekarata tara a nan ina aiki gidan kula da tsofaffi. A nan doka awa 35 ce a mako, tun dokokin Aubry na 1998 da 2000. In ka wuce, awa takwas na farko ana ƙara maka kashi 25 cikin ɗari, abin da ya biyo baya kashi 50. Sandika da masu kamfani suna iya shirya wani adadi, amma ba ya sauka ƙasa da kashi 10. Ba a yarda ka wuce awa 48 a mako ɗaya ba, kuma tsakanin tashi da komawa sai ka samu hutun awa 11. Amma kada ku yi wa rogo kallon kitse. Abin da ya sa nake samun nawa, ina da katin da nake dangwalawa a na'ura in na shiga in na fita. 'Yan'uwanmu marasa takarda da ke wanke-wanke a bayan gidajen abinci, awa 12 suke yi, a miƙa musu kuɗi a hannu, ba mai ƙirga komai. Ƙasa ɗaya, doka ɗaya.

Rabe Zariya: Awa 35? To sauran lokacin me kuke yi, Anti Nana? Barci?

Nana Aisha (Lille): Rabe, ka zo ka ɗaga tsoho mai kilo 90 daga gado zuwa kujera sau goma sha biyar a wuni, sai ka gaya mini ko za ka yi barci.

Bashir Greensboro: Ni kuma in ba ku na Amurka, don kullum 'yan gida suna ganin mu nan kuɗi muke shara. Dokarsu ta 1938 ce. Ka wuce awa 40 a mako, kowace awa a biya ka ɗaya da rabi. In awarka dala 16 ce ta Amurka, ta koma 24. Shi ya sa a mangazar da nake aiki in an ce akwai ƙarin awa, har rige-rige muke. Amma ga inda gizo ke saƙa. Babu iyakar awa ga baligi a dokar tarayya, mai kamfani na iya tilasta maka, ka ƙi ya kore ka. Babu dokar tarayya da ta ce dole a ba ka konje, wato hutun shekara, da albashi, ko kwana ɗaya. Ma'aikatan gona ba sa cikin dokar ƙarin kuɗin. Sannan dabarar da suke yi mana: su ba ka awa 30 kawai, sai ka nemi aiki na biyu, can ma 30. Ka yi 60 ke nan, ba wanda zai biya ka ɗaya da rabi, don kowanne ya ce a wurinsa ba ka kai 40 ba. Masu jan Uber kuwa yawancinsu ba a ma ɗauke su ma'aikata ba.

Bashir Greensboro: Jihar Kalifoniya ta fi sauƙi, can da wuni ake ƙirgawa, ka wuce awa 8 ɗaya da rabi, ka wuce 12 ninki biyu. Da Laminu can yake da kullum yana da awa uku masu tsada.

Kabiru Jibiya: Mu a nan tsallake obataya muke ce masa. Kuma wallahi ku Nijar a takarda kun fi mu. Dokar ƙwadago tamu ba ta yanka adadin awa ba, ta ce abin da kuka shirya da mai aiki ko abin da ƙungiya ta sasanta. Ba ta kuma faɗi nawa za a ƙara ba. Hutun shekara da ta wajabta kwana shida ne kacal. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70, amma wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba dokar ba ta hau kansa. To gidan burodi nawa ne a Katsina ke da mutum 25?

Baba Harisu: Mu mafi ƙarancin albashinmu ya daɗe a sefa 30.047 tun 2012, sai Janairun 2024 aka kai shi jikka 42. Konje kuma kwana biyu da rabi ne kowane wata, wata guda ke nan a shekara. Laminu, ka taɓa samun konje?

Laminu Mai Burodi: Baba, ranar salla ma da yamma muke komawa. Sau ɗaya na yi kwana huɗu, lokacin rasuwar mahaifiyata a Tibiri. Gaskiya bai cire mini ko dala ba, har buhun shinkafa ya aiko da shi.

Alhaji Sabi'u Babbar Kasuwa: Kun ji ko? Buhun shinkafa. A Amurka Bashir ya ce ko kwana ɗaya ba dole. Wa ya fi wani?

Baba Harisu: Alhaji, ban ce ku mugaye ba ne. Na san irinku da yawa, kuma na san tun rufe iyakar 2023 da yanke wutar da aka yi mana kasuwa ba ta koma daidai ba, mai gidan burodi yana ƙona gazuwal a gurub kafin ya ga riba. Amma duk abin da ka lissafa alheri ne, kuma alheri ranar da mai shi ya ga dama yake yin sa. Shekara talatin na yi a sandika. Na ga mutumin da ya yi wa wani attajiri bauta shekara goma sha ɗaya yana jiran sallama, attajirin ya rasu da dare ɗaya, magada suka raba shago suka ce ba su san da wata magana ba. Ya zo wurinmu da hularsa a hannu. Na ce ina takardarka? Babu. Lambar kes, wato asusun inshorar ma'aikata? Babu. Wa zai shaida? Duk yaran gidan suna tsoron bakinsu.

Malam Nasiru: A ƙara da wannan. Hadisi ya zo a Ibn Majah cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Kuma a fiƙihu, ijara sai an san aikin an san ladan. Ka ɗauki mutum ba a faɗi ƙarfe nawa zai tashi ba, wannan jahilci ne a cikin ƙulla yarjejeniya. Sadaka daban, haƙƙi daban. Ba a biyan bashi da kyauta.

Alhaji Sabi'u Babbar Kasuwa: Allah gafarta Malam, na ji. Amma in na fara biyan awa, to ragon suna ya tashi, magani ya tashi. Su zaɓa.

Mamman Riyad: Ku bari mu da ke ƙasa mai tsarki mu faɗi namu. A rubuce Saudiyya awa 8 ce a wuni, 48 a mako. Da azumi Musulmi awa 6. Ƙarin lokaci ana ɗora rabin kuɗin awa a kai. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki cikin rana daga 12 zuwa 3, kuma wannan kam a manyan wuraren gini ana bi, don tara ake ci. Ni a kamfani nake, albashi ta banki yake shiga, hukuma na gani. Amma direban gida da mata masu shagala ba sa ƙarƙashin wannan dokar, tsarinsu daban ne. Wata 'yar garinmu a nan, ita ke kwanciya ƙarshe bayan an watse hira ƙarfe 2, ita ke tashi farko ta shirya yara makaranta. Igamarta, takardar izinin zamanta, na hannun kafili. 'Yan tukari marasa takarda kuwa ba a ma maganarsu, wa za su kai wa ƙara, wanda zai kama su?

Hadiza Ali Ɗan Sofo: Mamman ka taɓo inda nake jira. Muna ta jin tausayin 'yan shagala a Saudiyya, to yaran da ke gidajenmu nan Maradi fa? 'Yar shekara sha uku a ɗauko ta daga ƙauye, ita ce shara, ita ce wanki, ita ce goyo, ita ce aike har dare, a ba uwarta jikka 7 ƙarshen wata. A cikin gidan nan namu mata nawa ne ke da irinta? Ni ma ina da, ban cire kaina ba.

Rabe Zariya: Tab. Yau kowa sai ya sha.

Admin: Jama'a a yi a hankali, kada a kama sunan kowa ko na wurin aikin kowa. Na goge saƙo ɗaya.

Zainabu Ma'aikaciyar Jinya: Ni ba kuɗin ne ya fi damuna ba, jikin Laminu ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike: a shekarar 2016 kaɗai mutum dubu 745 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Mai irin wannan aiki haɗarin shanyewar jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin ɗari in an gwada da mai yin awa 35 zuwa 40. Kai kana 66, kuma da dare, gaban wuta. Ƙanena, yaushe rabonka da awon jini? Mu kanmu masu gadin dare a likita mun san yadda hannu ke rawa wajen neman jijiya in an kai ƙarfe 4.

Laminu Mai Burodi: Yaya Zainabu, kin tuna mini da abin da ban so faɗa ba. Bara cikin goman ƙarshe na azumi, wani abokin aikina yana tura ƙullu a injin kwaɓi, wajen 3 na dare, gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ƙara kawai muka ji. Kafin in kai hannu in kashe, yatsu biyu sun tafi. Da rigata na ɗaure masa hannun, muka ɗora shi a babur. Maigida ya biya kuɗin likita, ban ɗauke masa wannan ba. Amma da ya warke ba ya iya yanka ƙullu da sauri, sai aka ce ya ɗan huta a gida. Har yau hutawar yake. Yanzu ruwan leda yake sayarwa a tasha.

Baba Harisu: Allah ya kiyaye gaba. To ga amfanin kes ɗin da nake ta faɗa. Da an yi masa rajista a kes ɗin, wato CNSS, wannan haɗarin aiki ne, akwai kuɗin jinya, akwai diyyar naƙasa. Ga kuɗin iyali, ga fansho in an tsufa. Wajibi ne kan duk mai ɗaukar ma'aikaci, ba sai babban kamfani ba. Alhaji Sabi'u, wannan ragon suna ba ya maye gurbinsa.

Alhaji Sabi'u Babbar Kasuwa: Wannan kam ba daɗin ji. Ni da yarona ne da ban sake shi ba, ko gadin mangaza na ba shi.

Abdul Aziz Ɗalibi: Ina jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, mun taɓa wannan a darasi. Japan har kalma gare su ta mutuwa saboda yawan aiki, karoshi. A Disamba 2015 wata budurwa 'yar shekara 24, Matsuri Takahashi, ma'aikaciyar kamfanin talla na Dentsu, ta kashe kanta bayan ta yi ƙarin aiki fiye da awa 100 a wata. Hukuma ta amince aikin ne sanadi. Abin ya girgiza ƙasar, a 2018 suka yi doka: ƙarin aiki kada ya wuce awa 45 a wata, 360 a shekara, in da larura ta musamman kada ya kai 100 a wata. Koriya ta Kudu ta tsayar da 52 a mako gaba ɗaya. A Sin kuma akwai abin da suke kira 996, daga 9 na safe zuwa 9 na dare kwana shida, kotun ƙolinsu ta ce haramun ne a 2021. Ku lissafa na Laminu: 26 sau huɗu, 104 a wata. Ya wuce layin da Japan ta ja.

Rabe Zariya: Wato Laminu ɗan Japan ne bai sani ba.

Laminu Mai Burodi: Rabe ka yi ta dariya, Allah ya kawo ka gaban tanda wata rana.

Nana Aisha (Lille): Ku duba duk abin da aka faɗa. Ni kati, Mamman banki. Duk wanda ya ce yana samun haƙƙinsa, akwai inda ake rubuta awarsa. Har kotun Tarayyar Turai a Mayun 2019, a ƙarar da wata sandikar Sifen ta kai Deutsche Bank, cewa ta yi dole mai aiki ya kafa hanyar rubuta awannin kowane ma'aikaci kullum, don in ba rubutu ba yadda za a san an wuce ko ba a wuce ba. Laminu, in ka je gaban sufeto yau, maigidanka ya ce ƙarfe 4 kake tashi, me za ka nuna?

Laminu Mai Burodi: Ba ni da komai, Anti. Ko kwantira ba mu rubuta ba. Kuɗin ma a hannu yake ba ni.

Baba Harisu: Rashin takarda bai hana ka zama ma'aikaci ba, doka ta san yarjejeniyar baki. Hujja ce dai ke wuya. Ka sayi kaye, kullum ka rubuta kwanan wata, lokacin shiga, lokacin fita, buhu nawa aka kwaɓa. In abokan aikinka za su sa hannu a gefe, ya fi ƙarfi. Ranar biya ka rubuta nawa aka ba ka, gaban wa. Bayan wata biyu ka samu wani dattijo da maigidan ke jin nauyinsa, ku zauna. Kada ka fara da jikka 29, ba zai iya ba, kai ma ka sani. Ka nemi ɗaya cikin biyu: ko a ƙaro mutum a raba dare, ko a ƙara albashi a kuma yi muku kes. In ya ƙi, akwai biron sufeton aiki nan Maradi, aikinsu ke nan, su kira ku su sasanta. In sulhu ya gagara sai kotun aiki.

Alhaji Sabi'u Babbar Kasuwa: Ni dai in faɗa maka gaskiya a matsayin uba, Laminu. Maradi ƙaramin gari ne. Masu gidajen burodi duk sun san juna, tare suke sallar Juma'a. Ranar da aka ji ka kai maigidanka biro, ko ka ci shari'a, ka nemi wata sana'ar. Zancen dattijo na yarda da shi. In kana so ma ni zan je, in ka gaya mini ko wane ne ta bayan fage. Amma ba da kaye a hannu ba.

Baba Harisu: Da kaye a aljihu, Alhaji. Ba sai ya fito da shi ba.

Hadiza Ali Ɗan Sofo: Har yanzu ba wadda ta amsa mini zancen yaran gida. Mata kun yi tsit.

Zainabu Ma'aikaciyar Jinya: Hadiza, buɗe mana shi daban gobe, zan zo. Laminu, ka biyo a auna ka kafin ka kwanta da safe, ba ya cin minti biyar.

Laminu Mai Burodi: Na gode Baba, na gode Alhaji, zan neme ka ta bayan fage in na yi shawara da yayana. Na aiki ƙanena ya sayo kaye mai shafi 100. Mu biyar ne a dare, na yi wa biyu magana, ɗaya ya ce zai sa hannu, ɗaya ya ce shi aure zai yi bayan salla kuma maigida ya yi masa alkawarin gado da katifa, kada in sa shi ciki. Sauran biyun sai mun haɗu. Tara saura kwata yanzu, ga ni bakin ƙofa, kuma an ɗauke wuta, sai mun tada gurub tukuna.